Hannun kujerar tsohuwar a-kori-kura ya mutu: mai kushin, na Beljiyam, ko sabo ɗan China?

Duk wanda yake riƙe da tsohuwar a-kori-kura, Hilux ce ko L200 ko Nissan ko irin Tundra ɗin nan da ake shigowa da su daga Amurka, ya san inji zai iya shekara ashirin yana aiki lafiya lau amma cikin motar shi ne yake fara nuna tsufa, kuma a cikin ma inda gwiwar hannun direba take sauka nan ne na farko. Ledar ta fara tsagewa, soso ya leƙo, sai a naɗa salatif, rana ta narka gam ɗin salatif ɗin ya dinga manne wa a hannun riga, daga nan sai ƙarfe ko robar ciki ta fara sukar mutum. Wasu suna ganin ƙaramin abu ne, amma wanda yake tuƙi daga Kano zuwa Maiduguri, kusan kilomita 600, hannunsa na rataye babu inda zai ɗora, kafaɗarsa da wuyansa ne za su gaya masa da dare.

Kafin a yi maganar ina za a je, sai ka fara sanin me ya lalace, domin a nan ne yawancin mutane suke asarar kuɗi. Abin nan hawa uku ne. Akwai rigar waje wato leda ko yadi ko fata, akwai soso a ƙarƙashinta, sannan akwai ƙashin ciki na roba ko ƙarfe tare da hinjin da yake ɗagawa yana sauka. Ka danna da babban yatsa, in ka ji ƙarfe nan take to soso ya mutu. Ka ɗaga shi ka girgiza hagu da dama, in yana lilo ko yana faɗuwa ƙasa da inda ya saba tsayawa to matsalar a hinji take ko a ɗan ƙarfen da yake tare shi, kuma duk kyawun ɗinkin da za a yi maka bazai hana shi faɗuwa ba. Sannan ka lura da irin naka, don ba iri ɗaya ba ne. Hilux ta 2005 zuwa 2015, wadda ake ce wa Vigo a Tailan, yawanci murfin akwatin tsakiya ne ake ɗora hannu a kai. Tundra ta farko, 2000 zuwa 2006, wasu suna da hannu a jikin kujerar kanta. Masu dogon benci kuma wasu suna da wanda ake saukowa da shi daga tsakiyar majingina, wasu ma babu gaba ɗaya sai na jikin ƙofa.

Ni dai in har ƙashin da hinjin lafiyarsu ƙalau, mai kushin nake zaɓa, kuma ba wai don arha kaɗai ba. Dalilin shi ne ledar da ta zo da motar akwai wani sinadari da ake sa mata don ta yi laushi, zafi ne yake fitar da shi a hankali har ta bushe ta dinga tsagewa kamar ƙasan tafki da rani, kuma mu nan a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40 a waje, balle cikin motar da aka rufe gilashi aka bari a rana. Abin da mai kushin zai sa maka sabuwar leda ce da sabon soso, shekarunsu yanzu za su fara ƙirguwa. Wannan shi ne babban abin da ya fi na Beljiyam da shi, wato tsohon da ake cirowa daga motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje.

Amma fa masu kushin suna suka tara, kuma aikin ƙaramin abu irin wannan ya fi na kujera gaba ɗaya nuna gwaninta, saboda lanƙwasa ce ta ko'ina. Abu na farko da zaka tsaya a kai shi ne soso. Da yawa za su yanko maka ragowar soson katifa mai laushi su cusa, ranar farko ka ji daɗi, bayan wata biyu gwiwar hannunka ta koma kan ƙarfe. Ka ce a sa mai tauri a ƙasa, irin wanda ake haɗawa da gutsattsarin soso a matse, mai launi-launi ɗin nan, sannan a shimfiɗa siririn mai laushi a samansa. Na ƙasan ya ɗauki nauyi, na saman ya sa ledar ta kwanta sumul. Abu na biyu inda ɗinki zai bi. Kar ka yarda layin ɗinki ya ratsa ta saman inda hannu ke sauka, a kai shi gefe, don zufa da gogayya ta nan suke fara cin zare, kuma zaren ya zama na nailan ba na auduga ba. Na uku gam. Gam ɗin da suke amfani da shi sai an shafa a ɓangare biyu an bari ya sha iska kafin a haɗa, in yaron shago ya yi gaggawa ya manna da ɗanyensa, zafin farko zai ɗaga shi ledar ta yi kumburi. In ƙashin zai karɓi fil ɗin sitefula ta ƙasa a ƙara da shi, gajere wanda bazai ɓullo ta sama ba.

Akwai wani iri da yake ba su wahala, wanda kamfani ya zuba soson da fatarsa a tare, babu rigar da za a cire a yi awo da ita. Wannan naɗe shi ake yi da sabuwar leda. In ba a cike tsagar da ramin da ke jikinsa an daidaita ba, bayan kwana kaɗan shatin tsohuwar tsagar zai fito ta cikin sabuwar ledar. Kuma in murfin akwati ne, a kula da kauri a gefuna da wajen makullin, don na sha ganin wanda aka yi wa ɗinki mai kyau amma murfi ya ƙi rufuwa, sai an danna da ƙarfi, ƙarshe ɗan harshen makullin ya karye, an gyara ɗaya an ɓata ɗaya.

Maganar me za a rufe da shi kuma, leda mai kauri mai yadi a bayanta ita ce daidai da yawancin mutane, tana goguwa da tsumma, ƙurar hunturu bata shiga cikinta. Yadi ya fi sanyi a hannu amma yana shan zufa da datti, motar gona ko ta ɗaukar kaya wata ɗaya ya isa ya sauya launi. Fata ta gaske ita ce ƙarshe wajen daɗi da daɗewa, kuma Kano gidan fata ce, ga masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa, sai dai mafi yawan wadda ake samu cikin sauƙi ta akuya ce da tunkiya, siririya ce tana miƙewa, ta jaka da takalmi ce. In fata kake so ka nemi ta saniya, kuma ka san tana son a dinga shafa mata mai lokaci-lokaci in ba haka ba ita ma bushewa take. Baƙar leda kuwa ta fi kowacce ɗaukar zafi, in cikin motarka ruwan toka ne ko ruwan ƙasa ka bi launin, hannunka zai gode maka da azahar.

To sai na Beljiyam. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko a sa a aiko daga Ladipo a Legas, in motarka Toyota ce da wuya a rasa. Amfaninsa a fili yake, na kamfani ne, ramin noti ya dace, hinji na asali, ka ɗaura ka tafi kamar ba a taɓa ba. In ƙashin naka ya karye ko hinjin ya cinye, gaskiya babu wata hanya da ta kai wannan. Abin da mutane ke mantawa shi ne sa'an naka ne, shekarunsu ɗaya, bambancin kawai shi wataƙila ya zauna a ƙasa mai sanyi. Yana iya zuwa yana sheƙi, ya sha bazara ɗaya ko biyu a nan ya fara irin tsagar da ka gudu. Don haka in zaka saya kar ka tsaya a kallo, ka lanƙwasa gefen ledar da yatsa a cikin haske, in ka ga ƙananan layuka sun buɗe to ta riga ta bushe, man da aka shafa ne yake rufe ido. Ka goga da farin tsumma ka gani ko fenti aka fesa. Ka shinshina, ka duba tsatsa a hinji, don cikin motocin da ake yankawa akwai waɗanda ambaliya ta ci a can, sosonsu warin rima yake kuma baya fita.

Ka tafi da tsohon naka a hannu, wannan ya fi duk wani bayani da hoto. Shekara ɗaya, suna ɗaya, amma ta Dubai da ta Tailan da ta Turai sukan bambanta a ƙananan abubuwa. Wanda yake jikin kujera yana da hagu da dama, na fasinja baya shiga wajen direba. A nan akwai wata dabara, mu sitiyarinmu a hagu yake, motocin Japan da Tailan da Ingila kuma a dama, kenan kujerar hagu a wajensu ta fasinja ce wadda ba a cika wahalar da ita ba, in ƙirar ɗaya ce hannunta shi ne zai zauna a wajen direbanmu kuma yawanci ya fi lafiya nesa ba kusa ba. Kafin ka biya ku yi magana a fili da mai shago cewa in bai shiga ba zaka dawo da shi, in da hali ma a gwada a jikin motar a wurin.

Haɗin da na fi so a irin wannan hali shi ne ka nemi na Beljiyam wanda ledarsa ta yage amma ƙashinsa da hinjinsa garau, mai shago ya san ba kowa zai ɗauka ba don haka ciniki zai yi sauƙi, sai ka wuce da shi wajen mai kushin. Ka samu ƙashin kamfani da sabuwar riga. Sau da yawa jimillar bata wuce kuɗin wanda ake cewa "kamar sabo" ba, kuma zai riga shi daɗewa.

Sabo na kamfani fa? In ana samu, babu abin da ya kai shi, magana ta gaskiya. Toyota lambar kayanta goma ce, biyar da biyar, kayan cikin mota kuma ana ƙara harafi da lamba a ƙarshe don launi, sannan a jikin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet akwai takarda ko ɗan faranti da aka rubuta C/TR, nan lambar fenti da ta launin ciki suke. Da wannan da lambar shasi dila zai iya duba maka. Matsalar biyu ce. Motocin shekarun 1990 yawancin irin waɗannan ƙananan kayan an daina yin su, na Vigo ne har yanzu ake iya dacewa. Sannan kuɗi, tun da aka saki Naira a 2023 duk abin da ake odarsa da dala ya yi sama, sai ka ga kuɗin murfi ɗaya da kuɗin jirginsa ya isa a ɗinke maka kujerun gaba biyu. Kuma sabon launi a cikin tsohuwar mota da rana ta koɗar baya sajewa, shi kaɗai zai fito daban. Wanda motarsa take tsaf yana ji da ita, to ya saya, amma motar da take ɗaukar buhunan masara daga Dawanau bana ganin dalili.

Sai ɗan China da ake tallarsa a intanet da shagunan kayan ado na mota, wanda ake cewa yana shiga kowace mota, mai wurin kofi da ramin caja har da fitila. A hoto yana da kyau sosai. Abin da yake shiga kowace mota kuwa babu wadda ya zauna wa daidai. Yawanci a ramin kofi ake cusa ƙafarsa ko a ɗaure da sukuru a jikin robar tsakiya, robar da ta riga ta bushe, hanyar ƙauye mai gargada ta sati biyu ta isa ya fara kaɗawa yana ƙara. Wanda ya fi damuna ma shi ne wurin da yake cinyewa. In birkin hannunka a tsakiya yake, ka tabbata kana iya ja har ƙarshe ba tare da ya tokare ba, haka giya musamman ta biyu da ta huɗu da ribas da suke dawowa baya, haka ƙaramar giyar fowil, haka wurin da bel yake shiga. Abin da zai hana ka jan birkin hannu da sauri ba ado ba ne, haɗari ne. Kuma in aka ce sai an huda ƙasan mota a ɗaure, a leƙa ƙarƙashi tukunna, bututun birki da na mai da wayoyi ta nan suke bi, kar a bar yaro ya sa diril da ka.

Inda ɗan China yake da amfani shi ne motar da tun asali bata zo da komai ba, musamman tsofaffin Hilux masu birkin hannu a ƙarƙashin dashbod da ake jawowa, tsakiyarsu a buɗe yake. A nan ma ni na fi son a je wajen kafinta ya haɗa akwati da filawud mai kauri daidai tsayin gwiwar hannun mai motar, mai kushin ya rufe, a ɗaure shi da noti sosai. Ya fi ƙarfi, ya fi ɗaukar takardun mota da tocila da sifana, kuma tsayin naka ne ba na wani ba. Sharaɗin kawai a kashe kusurwoyin kar a bar kaifi, kuma kar a ajiye shi haka kawai ba ɗauri, birki ɗaya mai ƙarfi zai tashi. In kuma ɗan ƙarfen da ke tare hannun ne ya cinye, mai walda zai iya ƙara masa nama a goge, aikin minti kaɗan ne, amma a cire shi daga motar a yi a waje, soso da wuta basa haɗuwa, kuma kar a taɓa yin walda a kan layin kujera ko inda bel yake ɗaure.

Rigar da ake sakawa a sama mai roba a baki, ita ba gyara ba ce, rufin asiri ne na ɗan lokaci. A kan wanda ya fashe tana zamewa kuma ramin yana nan kana jinsa. Ta fi amfani bayan an yi gyara, a sa ta don ta kare sabon daga zufa da rana, in ta yi datti a wanke.

Cirewa da mayarwa ba sai ka nemi bakanike ba in kana da ɗan haƙuri. Na jikin kujera yawanci akwai murfin roba a gefe ko zif a bayan ledar, a ƙarƙashi noti ɗaya ne babba, motocin Japan soket 12 ko 14 ne ya fi yawa, na Amurka kamar Ford sukan zo da kai mai tauraro wanda sai da makullinsa, kar a tilasta da sukundireba a cinye kan. Murfin akwati kuma sukurori ne a jikin hinji ta baya. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka zare, saboda washa da bushin da sifirin da ke ciki suna da jeri, in aka juya su hannun zai yi sako-sako ko ya ƙi motsi. In noti ya ƙi, a fesa man kwance tsatsa a jira, banda man birki da wasu ke zubawa, yana cin fenti yana ɓata roba. Robar da ta tsufa kuma da rana ake taɓa ta lokacin da ta ɗan yi laushi, da sanyin asuba na hunturu ƙaramin lanƙwaso ya isa ta karye. In ka ga waya mai kan rawaya a ƙarƙashin kujera ta jakar iska ce, a cire kan batir kafin a taɓa wurin, ko da yake yawancin tsofaffin nan basu da ita a kujera.

Wanda yake shirin sayar da motar lissafinsa daban ne da wanda zai ci gaba da hawa. Mai saye ido yake bi, kuma dillalai suna gane aikin mai kushin daga nesa in launi ko ƙwayar ledar ta bambanta da ta kujera, don haka a nan na Beljiyam mai kyau wanda ya koɗe daidai da sauran cikin ya fi sajewa, ko kuma in ɗinkin za a yi a yi hagu da dama tare da leda ɗaya har da na jikin ƙofa don kar ɗaya ya tona ɗaya. Direban da yake kan hanya kullum kuwa, ko motar ofis da aka saya a gwanjo za a sa ta aikin gona, ya nemi mai kushin da ake yaba aikinsa, ya ce a nuna masa wani aiki da ya yi wanda ya kwana biyu a jikin mota ba wanda aka gama jiya ba, ya tsaya a yanka soson a gabansa, kuma kafin a rufe da leda ya zauna a kujerar ya ɗora hannu ya riƙe sitiyari ya ji ko tsayin ya yi, don ƙara soso ko rage shi a wannan lokacin ba komai ba ne, bayan an shafa gam kuwa sai an sake sabon aiki.